Dawar da Na Bi Ta Kai

Adda Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Baba? Har yanzu yana lallaɓawa gonarsa ta Yolde Kohi?

Ni lafiya lau nake a nan bakin Tafkin Chadi. Ki kwantar da hankalinki, ƙarfen tankar yaƙin da nake tuƙawa ya fi katangar gidanmu ƙarfi. Zafi ne kawai, sai kunnena na hagu da ya ɗan rage ji.

Shekaranjiya aka ce an binne bama-bamai a hanya, mu ratsa ta gona. Adda, dawa ce ta fitar da kai, irin ta Baba sak, masu ita sun gudu. Sai kawai na taka birki. Oga yana ta ihu a rediyo, ni kuwa muryar Baba nake ji muna yara: "Zarami, kar ka taka shuka!" Daga ƙarshe na bi ta kai, ban waiwaya ba.

In an yi girbi, ki aiko mini da ɗan gari, na yi kewar kununki. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Maganar kunne, in ta kama, ki faɗa a gida. Ta dawar nan kuwa, kada Baba ya ji.

Ƙaninki,
Zarami