Kawu ya ce in tsaya gaban ma'aikata in ce ƙarya na yi wa sabulunsa

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage mini kuma har yanzu ban san inda zan sa kaina ba.

Ni 'yar Gaya ce, ina aiki a ƙaramin kamfanin sabulun wanki na kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina firamare bayan rasuwar babanmu. Sabulun irin doguwar sandar nan ce, an buga sunan marigayiya kakata, wato mahaifiyarsa, a jikinta daga wannan kai zuwa wancan. Shekara biyu ke nan kaya suna kwantai, mota ta fita da katan-katan ta dawo da rabi, har an rage wa mata masu naɗe sabulu ranakun aiki. Duk Litinin akwai mitin, Kawu ya tambayi me ke faruwa, masu kai kaya su ce kasuwa ce ba daɗi, manaja ya ce hassada ce ta yi mana yawa, a yi addu'a a shafa a watse. A kamfaninmu ba a taɓa cewa kaya ne ke da laifi. In za a gwada sabon haɗi Kawu ne zai shinshina, ya aika gidansa a yi wanki da ruwan famfo, a dawo a ce masa ya yi, to an gama bincike ke nan.

Bara aka tura ni tirenin Kano na sati biyu, aka koya mana abin da suke kira dizain tinkin. Sunan ne babba, maganar ba ta wuce ka je da ƙafarka ka ga yadda mutum ke amfani da kayanka ba, ka kama bakinka ka saurara, ka dawo ka yi ɗan samfur ka mayar masa ya gwada, in bai yi ba ka sake. Na dawo da rawar kai, na cika bangon ofis da 'yan takardu masu launi har mata suna tambayata ko biki za a yi. Kawu ya yi dariya ya ce in je in yi wasana, in dai ba zan hana kowa aiki ba.

Sai a lokacin na lura duk masu kai mana kaya maza ne, iyakarsu teburin mai tireda, ba wanda ya taɓa shiga cikin gida ya ga sabulun a hannun mace. Ni kuwa mace ce, sallama kawai zan yi. Na riƙa hawa mashin ina zuwa ƙauyukan Gafasa da Toranke, in ce ni ɗaliba ce mai bincike, don na san in suka ji 'yar gidan mai kamfani ce ba zan ji komai ba sai yabo. Wannan ƙaryar tana cikin abin da ke damuna yanzu.

Abin da na gani ya kashe min jiki. Sandar ta fi ƙarfin hannun mace, ga ta da tauri, sai an sa wuƙa an datsa ta gida huɗu. Ruwan rijiyarsu da ɗan zartsi, sabulun ba ya kumfa a ciki, mace za ta yi ta cuɗa har hannunta ya tsattsage don soda ta yi yawa. A Toranke wata dattijuwa da zan kira Iya Habi ta buɗe min tafin hannunta ta ce in duba aikin sabulun Gaya. Ta ce ita ta daina saye, wanda ɗanta ya kawo mata ma ga shi can ta tokare ƙofar ɗaki da shi. Na leƙa, wallahi sunan kakata ne kwance a ƙasa cikin ƙura.

Na kai wa Baba Idi maganar, shi ne mai haɗa sabulun, shekararsa goma sha tara a wurin. Ya ce ai ya daɗe da sani, ko matarsa ba ta wanki da shi, amma wa zai faɗa wa Alhaji, wato Kawu? Ni na lallaɓa shi, ni na yi ta roƙonsa har ya yarda. Muka riƙa tsayawa bayan an tashi da la'asar, yana haɗa 'yan ƙananan dunƙule da ragowar kayan haɗi, masu laushi, an rage soda, daidai tafin hannu. Sau uku ina kai wa gidaje goma sha biyu suna faɗin gyara muna gyarawa. A na ukun Iya Habi ta ɓoye nata a cikin kwalla don kar jikoki su ƙarar mata. Sai dai dunƙulen ya yi ƙanƙanta, sunan kaka ba ya shiga.

A nan na tafka kuskuren da har gobe nake cizon yatsa. Maimakon in samu Kawu shi kaɗai a gida, ko in bi ta wajen mahaifiyata, sai na bi yadda aka koya mana, wai a baje komai a gaban kowa. Ranar Litinin a gaban manaja da direbobi da mata, na ɗaga waya ina nuna hotuna, ga sanda an datsa ta tsakiyar sunan, ga ta tokare da ƙofa. Ina ta zuba ban ankara ba. Sai Kawu ya ɗauki hularsa ya fita. Kafin azahar manaja ya ba Baba Idi takardar dakatarwa, wai ya taɓa kayan kamfani ba da izini ba. Ni ba a ce min komai ba, ni 'yar gida ce.

Bayan sati biyu Kawu ya aiko a ce min tunda tambayar mata ake so, shi ma ya iya tambaya. Ranar Asabar muka tafi Toranke da mota biyu, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, aka tara mata, aka raba wa kowacce sanda bibbiyu kyauta. Sannan Kawu da babbar rigarsa ya miƙe ya ce su faɗa masa tsakani da Allah, sabulun nan yana da kyau ko ba shi da kyau? Guɗa aka ɗauka. Ya ce a samu babba ta yi magana, aka tura Iya Habi gaba, ta durƙusa ta ce babu kamarsa, Allah ya ji ƙan mai sunan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka watse na tare ta a bayan masallaci na ce Iya me ya sa, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, mutum ya taso da girmansa ya ba ni kyauta a ƙofar mai unguwa, in ce masa kayansa ba kyau? Wa ya haife ni? Ke kuma ashe 'yar gida ce kika zo kina tatsar bakinmu."

Tun daga ranar ba gidan da nake shiga a Toranke a saki jiki da ni, a ba ni ruwa, a ce sabulu madalla, a raka ni ƙofa. A kamfani kuwa magana ta ƙare, mata sun faɗa da bakinsu a gaban shaidu. An ɓare takarduna daga bango, waɗanda a da suke zuwa a ɓoye suna ba ni shawarar gyara yanzu ko gaisuwa a tsaye suke amsawa. Mota kuma tana nan tana dawowa da kaya.

Shekaranjiya Kawu ya kira ni gida. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ya ce ya yafe min don yarinta ce, amma abin da aka yi a gaban mutane a gaban mutane ake gyara shi. Ranar Litinin in tsaya a mitin in ce maganganun da na jingina wa mata ni na ƙirƙira, hotunan ma ni na shirya su, in na yi haka Baba Idi ya dawo aiki a ranar. In ban yi ba ni in ci gaba da zama a kujerata, shi kuma ya nemi wani wurin. Mahaifiyata ta ce meye a ciki, minti biyu ne, in rufa mata asiri a wajen ɗan'uwanta. Ni kuma na san in na buɗe baki na faɗi haka, ba wanda zai sake gaya wa Kawu gaskiya a wurin nan har ranar da za a sa kwaɗo a ƙofa, kuma ban ga abin da zai hana ranar zuwa ba. In na ƙi ma ban ceci komai ba, sabulun ba zai canza ba.

Jiya na je gaishe da Baba Idi, na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar fartanya, mutumin da rabonsa da noma tun kafin in shiga sakandare. Ya ce kar in kuskura in yi ƙarya saboda shi, gaskiya muka faɗa, Allah ba zai bar shi ba. Da zan tafi matarsa ta rako ni har bakin hanya, sai da mai mashin ya tsaya ta riƙe min gefen hijabi ta ce, "Ke kika ja shi, 'yata."

Jama'a ku gaya min, in tsaya ranar Litinin in ce ƙarya na yi, ko in riƙe gaskiyata ina zaune a ofis dattijo yana zaune a zaure?