Baƙin Ƙyalle a Ɗakin Bita

Otal ɗin bita, hanyar Akurba, Lafia.
Litinin.

Yaya Rahmat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da yara, da ƙafar nan taki mai ciwo. Kada ki yi mamakin ganin takarda kamar zamanin iyayenmu. Muna isowa aka karɓe mana wayoyi aka kulle a akwati, wai shugaba na gari ba ya raba hankalinsa biyu. Sai Juma'a za a ba mu. Allah ya taimake ni Madam Perpetua maƙwabciyarki ce ta samu kwangilar abinci, ita za ta riƙa kai miki tana kawo mini.

Mu goma sha huɗu ne daga kamfaninmu na sayen riɗi. Malamin da aka ɗauko daga Abuja yana fama da kwat cikin zafin Lafia, gumi sharkaf, yana koya mana yadda ake jan ragamar mutane. Mutumin da na tabbata bai taɓa raba faɗan 'yan dako biyu ba. Darakta kuma yana zaune a baya da littafi, yana ta rubutu. Kowa ya san dalili: ranar Juma'a zai faɗi wanda zai riƙe reshen Lafia. Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Shekara tara ina sito, na shaƙi ƙurar riɗi har ta ishe ni.

Abin da ke damuna Baba Tavershima ne, mai tantance mana riɗi. Ke kaɗai na taɓa gaya wa cewa hawan jinin ido ya cinye masa gani, saura inuwa-inuwa. Shekara biyu ke nan ni nake karanta masa takardu, in ɗora masa yatsa inda zai sa hannu. A sito ba mai ganewa, don ya san kowane lungu, kuma in ya zura hannu a buhu ya murza ya shinshina, zai gaya miki danshin, da yashin, har ƙauyen da aka noma shi. Amma nan baƙon wuri ne, komai a majigi ake nunawa. A dokar kamfani kuma mai tantance kaya sai mai gani. In Darakta ya gane, aikinsa ya ƙare. Da safe ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Zuwaira, wannan sati ka zauna kusa da ni fa." Kin san Hausarsa, kowa namiji ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Ki gaida yarana da na bar miki, ki ce su yi miki biyayya.

Ƙanwarki,
Zuwairatu.

Unguwar Azuba, Lafia.
Talata.

Zuwaira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙamshin miyar Perpetua. Yara lafiya lau, ƙafa kuma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na ji batun kujera, Allah ya zaɓa mafi alheri. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma ni na goya ki, na san halinki. In kika hango abu a gaba, na gefenki ko wuta ce ta kama shi ba kya jin ƙauri. Ki tuna shekarar da mahaifinmu ya rasu, dangi kowa ya kama gabansa, Baba Tavershima ne ya sako hularsa mai baƙi da fari ya taka da ke har ofis ya ce ke 'yarsa ce. Ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, sai zaman kasuwa da ya haɗa shi da mahaifinmu. Kwana biyar ne kacal. Ki zama inuwarsa har ku fito.

Ki riƙa cin abinci, ki bar shan shayi kawai.

Yayarki,
Rahmat.

Otal ɗin bita.
Laraba.

Yaya,

Ina gaisuwa. Abin da muke gudu ya faru.

Bayan azahar malamin ya ce za a yi darasin yarda. Aka baza kujeru da bokitai tun daga cikin ɗaki har baranda. Mutum biyu-biyu, a ɗaure wa ɗaya ido da baƙin ƙyalle, ɗayan ya tsaya a bayansa yana yi masa jagora da baki kawai, ban da taɓawa. Aka haɗa Baba da Mnena, sabuwar yarinyar nan da ta fara aiki watanni uku da suka wuce. Shi aka fara ɗaure wa.

Yaya, da kin gan shi. Mu duk muna ta karo da kujeru ana dariya, shi kuwa ya ratsa wurin kamar tsakar gidansa, ko bokiti ɗaya bai taɓa ba. To ina abin mamaki, mutumin da kullum haka yake tafiya? Aka yi ta tafi. Malamin har da cire kwat, yana cewa mu dubi dattijo mu koyi yarda da na ƙasa da mu. Baba yana murmushi. Rabon da in ga murmushin nan na manta.

Sai aka ce a juya, wanda ya yi jagora shi za a ɗaure wa.

Mnena tana dariya aka ɗaure mata. Baba ya tsaya a bayanta yana cewa, "Gaba, gaba, ɗan dama kaɗan." Da ka yake yi, yana bin hanyar da ƙafarsa ta haddace. Bai san an ja kujeru an sauya hanya ba. Yana cewa gaba, ita kuma ta yarda da shi, har ta kai bakin baranda. Matakala huɗu ce, ƙasa siminti. Hannunta ya karye a wuyan hannu, haƙoran gaba biyu sun fita.

Ba faɗuwar ce ta tona shi ba, kowa na iya kuskure. Tana kwance a gabansa tana kuka, jini a baki, shi kuwa ya miƙa hannuwa ya nufi wani gefen yana cewa, "Ina yake? Ina yarinya?" Darakta yana tsaye yana kallo.

An kai ta asibiti. Baba bai fito cin abinci ba. Ki yi mana addu'a.

Zuwairatu.

Azuba.
Alhamis.

Zuwairatu,

Ina amsa gaisuwarki, kuma na yi wa yarinyar mutane addu'ar samun sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku, kullum sai in tsaya a wuri ɗaya. "Aka haɗa Baba da Mnena." Wa ya haɗa su? Kin manta mai kawo mini takardar tana da ido. Perpetua tana wurin tana kwashe kwanuka. Ta ce ba wanda aka haɗa da wani, cewa aka yi kowa ya zaɓi abokinsa. Ta ce Baba ya juyo gefen da kike ya kira sunanki, har sau biyu. Daidai nan Darakta ya ajiye littafinsa ya ce shi ma zai shiga, wa zai yi da shi. Ta ce kafin ya rufe baki kin miƙe.

Ban gaya mata komai ba, na ce wataƙila ba ta gani da kyau ba. Kin sa na kare ki da abin da na san ba gaskiya ba ne, ina da furfura. Raina ya ɓaci, Zuwaira, kuma kunya nake ji. In za ki sake rubuto mini, ki rubuto duka, ko ki bar takardar.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Rahmat.

Ofis, Lafia.
Asabar.

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. An ba mu wayoyinmu tun jiya, amma ba zan iya faɗar wannan da baki ba, shi ya sa ban biyo ɗaukar yara ba tukuna.

Perpetua ta gani daidai. Na ji kiransa, duka biyun. Na ce a raina minti goma ne, me zai faru cikin minti goma? Da aka ce a juya, ƙyallen yana hannuna zan ɗaura wa Darakta, na hango Baba tsaye bayan Mnena. Na sani sarai. Da na ce kaina na ciwo, ko na ce a ba dattijo hutu, da an wuce wurin. Na yi shiru don Darakta yana yaba yadda na bi umarninsa ido rufe, ban so in katse shi ba.

Akwai wanda Perpetua ba ta gani ba. Ranar Alhamis Darakta ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya tambayi wanda ya san da lalurar. Ni na ce kwanan nan ne na fara ɗan lura. Daga baya na ji Baba ya riga ya gaya masa cewa ba wanda ya sani, shi kaɗai ya ɓoye abinsa. Ashe ya rufa mini asiri tun kafin in shiga in yi ƙaryata.

Jiya aka raba satifiket, aka ɗauki hoto, aka kira sunana. Ni ce shugabar reshe. Ana cikin tafi Darakta ya miƙo mini ambulan ya ce shugabanci ba daɗi kaɗai ba ne, ga aikina na farko. Na samu Baba a baranda zaune da jakarsa a kan cinya. Na ba shi. Ya buɗe, ya shafa takardar, ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini." Na karanta masa sallamarsa daga aiki tun daga kwanan wata har sa hannun Darakta. Shekara ashirin da shida, layi bakwai. Ya ce ina zai sa hannu ya nuna ya karɓa. Na kama yatsansa na ɗora.

Na je duba Mnena. An sa mata filasta, ba ta iya magana sosai. Mahaifiyarta ta yi ta yi mini godiya wai manaja da kanta ta zo. Na fito na zauna a keke ina kuka har mai keken ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Don girman Allah ki raka ni gidansa gobe bayan sun taso coci. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ƙanwarki,
Zuwairatu.

Akurba.
Litinin.

Zuwa ga Manaja,

Ina gaisuwa, da fatan alheri a sabon aiki. Ɗiyata Mimidoo ne yake rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa.

Na ji kun zo jiya da yayanka. Ina ciki. Ni na ce a ce na fita. Shinkafa da mai da kuka bari na aika gidan su Mnena, shi ne ya ji ciwo.

Faɗuwan yarinya laifina ne. Ina da baki, da na ce ba na gani. Wannan tsakanina da Allah. Naka kuma ka san shi, ba sai na faɗa ba.

Buhunan ƙauyen Ashige da ke lungun hagu na sito akwai danshi, a shanya su kafin Laraba, in ba haka ba za su yi baƙi.

Ba zan yi maka mugun baki ba, saboda babanka. Amma kada ka sake zuwa tukuna. In na ji muryanka, takardan nan nake ji.

Ka huta lafiya.

Tavershima.