Wutsiyar Jirgin Nama

La Paz, Mayu 1978

Yaya Anselmo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin dutse bai taɓa maka ƙirji ba.

Kamfani na yaɗa cewa a buge Eulogio yake da ya taso da jirgin saman dakon nama daga lardin Beni, ya faɗi a kan dutse. Mijin da ko ranar bikinmu bai kurɓa ba! Jiya a makaranta aka ce wa 'yarmu Nélida ubanta mashayi ne, ya kashe kansa da abokan aikinsa. Kai aka tura binciken hatsarin. Kada ka sauko sai da abin da zai wanke shi.

Ƙanwarka,
Casilda

*

Casilda sarkin gaggawa,

Na gaishe ki da yara. Mutanen ƙauye sun riga mu zuwa wurin. Naman shanun da ya warwatse ga shi a shanye kan kowace katanga. Shi ake dafa min, yana warin man jirgi.

Wutsiyar jirgin nake nema. In tsatsa ce ta cinye wayar ƙarfen da ke juya ta, mijinki ya fita. To sun kai ta can ƙololuwa, kan tulin duwatsun da suke zuba wa giya da ganyen koka da suke taunawa, don hadaya. Na ce wa dattijonsu, Tata Severino, a sauko da ita.

Ya ce, "Mu mun ci nama, dutse ya ci ƙarfe. Loma za ka cire masa daga baki?"

Na ce aikin gwamnati ne.

Ya ce, "To, gwamnatin ce za ta hau, ko kai?"

Na yi dariya. Amma kowace safiya ina jin rugugin inji daga gabas, ya zo daidai kan dutsen ya ɗauke. Ba komai a sama. Tun da na ambaci hawa, matan ƙauyen ke ƙara min abinci, suna min magana a hankali kamar mai jinya. Gaskiya tsoro nake ji.

Yayanki,
Anselmo

*

Yaya,

Na gaishe ka. Ƙato da kai, da karatunka, kake tsoron tulin duwatsu? Iska ce kake ji. Da kai ne ka faɗi, Eulogio ko da rarrafe zai hau. Nélida ta daina zuwa makaranta.

Ka huta lafiya,
Casilda

*

Yaya Anselmo,

Ina gaisuwa. Wayar ta iso ofishinku, tsatsa ta cinye ta kamar yadda ka ce. An wanke Eulogio, har a jarida.

Amma sun ce ɗaure take a bayan alfadarinka, shi kaɗai ya sauko. Sun ce da ya shiga ƙauyen ba wanda ya tambayi inda kake.

Ni na ce ka hau. Don Allah ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagina za ka yi.

Ƙanwarka mai jira,
Casilda