Laifina Shi Ne Na Ɗora Alhaji A Mota Mai Ƙaho

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Fatake mazauna Guangzhou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da sauran manyan da ke zama kusa da kai a teburin taro. Ni ne Malam Sabo mai jakunkuna, wanda ka dakatar daga kwamitin tarbar baƙi ranar Lahadin da ta wuce. Na ɗaga hannu in yi magana a wurin, ka ce a tashi lokacin sallah ya yi. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta, tunda a gaban kowa aka yanke mini hukunci.

Takardarka ta ce na zubar da mutuncin ƙungiya, don na ɗora babban baƙonmu daga Kano, Alhaji Nasidi, a motar haya ta gama-gari. Na amsa laifina. Ga yadda na aikata shi.

1. Ranar Juma'a ka ce mu tsaya a ƙofar masauki ƙarfe sha ɗaya da rabi, motar ƙanin matarka za ta kai mu masallaci. Mun tsaya. Sha biyu ta buga, da rabi ta wuce. Da na samu ƙanin matar taka a waya sai ya ce yana can garin Shiling yana lodin kaya, shi ya ɗauka gobe ce Juma'a. Na kira ka, waya a kashe. Na san manya ba sa son damu. Ga ruwa ana zubawa, tasi duk wadda na tsayar sai direba ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Alhaji dattijo ne mai ciwon gwiwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabo, ni dai kada in rasa Juma'a a garin mutane." Ana cikin haka sai ga motar hayar ta tsaya a gabanmu. Na kasa yi wa ƙungiya biyayya in bar tsoho a cikin ruwa. Muka shiga.

2. Tunda ka faɗa wa taro ba ka ma san irin motar ba, bari in gabatar maka da ita. Bas ce mai dogayen sanduna biyu a bisa kai kamar ƙaho, suna bin wayoyin lantarki da aka ja a saman titi, daga nan take shan wuta. Ba hayaƙi, ba ƙara. Maƙwabcina, wani tsohon ɗan China da ya yi ritaya yana tuƙa ta, ya ce tun yana ɗan makaranta wannan layin yake bin hanyarsa. An rushe unguwanni an gina benaye, an haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, an sauya motocin da kansu, layin yana nan yana kai mutane aiki yana dawo da su. Ya girme ni, ya girme ka. Ƙungiyarmu kuwa a 'yan shekarun nan ta sauya suna sau uku, har yanzu ba ta iya kai mutum ɗaya masallaci ba.

3. Gaskiya ne motar ta tsaya a hanya. A wata kwana sanda ɗaya ta goce daga waya. Direbar mace ce. Ta sa safar hannu, ta sauka cikin ruwan, ta ja igiyar da ke bayan mota ta mayar da sandar wurinta, ta dawo ta zauna muka ci gaba. Ko tasbihin da Alhaji ya fara bai kai ƙarshe ba. A daidai nan ne wani ɗan ƙungiya da ke gefen titi ya ɗauki hotonmu ya watsa a zauren ƙungiya na waya, ya rubuta wai baƙon Shugaba yana cikin matacciyar mota. Bai ɗauki matar da ta tashi ta ba Alhaji kujera ba. Bai ɗauki shigarmu masallaci kafin liman ya hau mumbari ba. Kai ma ba ka ga wannan ba, ranka ya daɗe, don ka iso ne bayan an yi sallama, a mota mai kyau, babbar rigarka ko ɗigo bai taɓa ta ba. Mutuncinka ya iso lafiya lau, sallar ce kawai ta wuce.

4. Maganar cewa ƙafarka ba ta taɓa taka wannan mota ba, ba zan ce Shugaba ya yi ƙarya ba. Mai yiwuwa wani ne mai kama da kai na tarba shekarar da ka zo, mai jaka ɗaya da silifas, wanda muka yi wata biyu muna hawanta tare kullum da safe, yana gyangyaɗi a kafaɗata yana cewa wannan mota rahama ce. Idan ka haɗu da shi ka gaishe mini da shi. Mutumin kirki ne.

Buƙatuna ba su da yawa. A janye takardar nan a cikin zauren da aka watsa ta, don 'ya'yana a Kano sun karanta, babbar har ta kira tana kuka tana tambaya ko sata na yi. A tambayi ƙanin matarka ranakun mako. Sannan a ba ni izinin sake tarbar Alhaji a rubuce, domin a duk masu kare mutuncin Alhaji babu wanda ya tuna ya tambaye shi. Ni kuwa ya kira ni jiya. Ya ce zai dawo bayan Sallah tare da yayansa, kuma kada a turo masa kowa sai ni, yana so ya nuna wa yayan matar da ke gyara mota da igiya. Ban ba shi amsa ba tukuna. Na ce masa ni dakatacce ne, sai abin da Shugaba ya ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka mashawarta masu faɗa maka gaskiya, ya ba ka kunnen sauraronsu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo mai jakunkuna, Guangzhou.