Na bar wata da laifin mutuwar karen ɗana

Salama gare ku, masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Bazarar bana ce, ruwa ya ƙi sauka, mu da muke taƙama da sanyin Kafanchan muka rasa inda za mu sa kanmu. Ɗana na fari yana da kare, Duna, tun yana kwikwiyo yake raba kokonsa da shi. Kullum in zai tafi makaranta sai ya ce, "Mama, ki bar shi a gindin mangwaro, ki cika masa ruwa."

Ran nan Inna, Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mana nono, ta yi sallama. Ba ta son kare ya lashi zanenta, saboda sallah. Sai na tura Duna cikin ɗan ɗakin kwano da muke ajiye citta, na sa sakata, da niyyar in buɗe in ta tafi. Muka yi hira, ta tafi, ni kuma na manta da shi, na wuce taron zumuntar mata a coci. Ina can ina waƙar yabo, dabba tana dahuwa. Da na dawo na tarar da shi kwance, harshe a waje, ya kakkarce ƙofar da faratansa. Na jawo shi gindin mangwaro, na kwara masa ruwa, amma ya riga ya mutu. A nan na bar shi, kamar a nan ya wuni.

Maigida ya ga kumfa a bakinsa, ya ce, "Guba ce. Wa ya shigo gidan nan yau?" Na ce, "Inna ce kawai." Ban yi ƙarya ba, amma wace irin gaskiya ce wannan? Ɗana bai yi kuka ba, ya ce, "Dama ta tsane shi." Kafin magariba maganar ta kai wurin samarin unguwa, kun kuwa san yadda ƙaramar magana take girma a wajenmu. Da kunnena na ji wani yana cewa ta kuskura ta sake bin layin nan.

Washegari da sassafe na tare ta a hanya, na ce mata ta koma, yara sun daina shan nono. Ta sauke ƙwaryarta, ta ce, "Ƙawata, na ji karen yaro ya mutu. Ki yi masa sannu, na san yadda yake son abinsa." Na ce to, na juya.

Yaron nan bai taɓa kama ni da ƙarya ba, da wane ido zai dube ni? Ita kuwa gobe ma dole ta bi ta unguwarmu zuwa kasuwa, ba ta san ita ake zargi ba. Ku gaya mini, ni yanzu me zan yi?