Jan Sa a Karar Shinkafi

Zurmi, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina Fauziyya, ina ɗiyata Salma? Mu nan lafiya lau, sai sabis da ya ɗauke mana tun makon jiya, shi ya sa na ba Armiya'u direba wannan takarda ya sauke maka a Ƙaura.

Na ji an yi hutun makaranta, za ku Shinkafi wajen surukanka. Madalla. Amma ni na goye ka, na san halinka. Kai a gida mutum ne mai lissafi, sai ka taka ƙasar wani gari hannunka ya ɓalle. Ka ga yaro ka tuna Salma, ka ga tsoho ka tuna Baba, sai a ga ka dawo da kaya kamar mai shirin buɗe shago. Agogon bangon da ka kawo mana daga Gusau yana nan, Baba bai taɓa ganin ƙarfe nawa a jikinsa ba.

Ka riƙa wa surukai goro da sabulu, ka ci tuwonsu, ka huta. Tsarabata daddawa ce. Abin da ka tara domin aikin yanar idon Baba ka bar shi inda yake. Ido yana ƙara rufewa, jiya Ladidi maƙwabciya ta shigo ya kira ta da sunana.

Allah ya kai ku lafiya.

Yayarka, yayar Fauziyya ma,
Tabawa

*

Shinkafi, ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da ladabi, ki durƙusa ki gaishe mini da Baba. Mun iso lafiya, hanya shiru, ko da yake babu wanda ya yi magana a motar sai da muka ga gidajen gari.

Na bi maganarki, Yaya. Na wuce layin 'yan atamfa ban tsaya ba. Salma ta yi kukan wata motar roba, na saya mata rake, kafin mu kai gida ta manta. Daddawarki tana cikin jaka.

Sai jiya Alhamis surukina ya ce in raka shi kara ya duba tumaki. A can na gan shi. Jan sa, mai farin goshi, ƙaho ɗaya gutsure a baki. Yaya, sai na tsaya ina kallonsa. Kin tuna Goje, san noman Baba, wanda ɓarayi suka kora tare da sauran shanunmu ranar da muka baro Galadi? Ya tsufa, ya rame, amma tsayuwarsa ce, har yadda yake karkata kai.

Na tambayi dillali daga ina aka kawo shi. Ya ce, "Malam, sa ya bi hannu da yawa, wa zai ce maka ga mafarinsa? In kana so, taya."

Na roƙe shi ya riƙe mini zuwa kasuwa mai zuwa. Ya ce ba ya alkawari, amma tsohon sa ba a rububinsa.

Kuɗin hannuna na hutu ba su isa ba, sai an taɓa na idon Baba. Na san abin da za ki ce. Amma ki duba, tun da muka zauna a Zurmi Baba bai sake yin dariya irin tasa ba. Idan ya shafa wuyan Goje fa? Fauziyya ma na gaya mata.

Don Allah kada Baba ya ji tukuna.

Ƙanenki,
Murtala

*

Zurmi, ranar Litinin

Murtala,

Wa alaikumus salam. Baba ya ji. Ba ni na tashi gaya masa ba. Ina karanta takardarka a bakin murhu sai ga hawaye, shi kuwa makanta ta ƙara masa kunne. Ya ce, "Wa ya rasu?" Ka ga ba ni da wata mafita sai gaskiya.

Kada ka ɗauka zuciyarka kaɗai ce ta motsa. Ni nake kai wa Goje dusa tun yana maraƙi, ya taɓa cinye mini gefen zane. Da ni ce a karar nan, wataƙila da ɗankunnena zan taya.

To amma ina nan, kai kana can, kuma wanda ke nesa da kasuwa ya fi ganin ta. A ina za mu kafa turkensa? Tsakar gidan hayar nan ko shanya sai mun yi karɓa-karɓa da maƙwabta. Wa zai yiwo masa ciyawa, alhali mazan unguwar ma ba sa nisa da gari? Gonar da zai noma tana Galadi, mu ba mu can. Kuma ka san sa a gida yanzu ba ado ba ne, kiran ido ne.

Abin da kake son saye ba shi dillali ke sayarwa ba. Gidanmu kake so, da Baba yana fita da garma da sassafe. Ni ma shi nake so.

Baba bai ce saya ba, bai ce bari ba. Tambaya ɗaya ya yi: ƙahon dama ne gutsure ko na hagu? Na ce ba ka rubuta ba. Ya juya fuska bango, ranar nan furarsa ma sai da na matsa masa.

Ban hana ka ba, kai ne namiji a gidan. Amma kada ka je karar kai kaɗai, kuma kada ka je da kuɗin a aljihu. Ka gan shi tukuna da ido, ka kwana, sannan.

Ki yi haƙuri da shi, Fauziyya, haka yake tun yana ƙarami.

Tabawa

*

Ƙaura Namoda, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba. Mun dawo gida jiya.

Na koma kara ranar Alhamis, aljihu babu komai sai kuɗin mashin. Fauziyya ce ta ce surukina ya bi ni, ashe tun da na fara zancen ta gaya masa.

Yana nan a turke. Ƙahon hagu ne, Yaya, kuma wallahi ni kaina na kasa tuna wanne ne na Goje. Na yi masa fito irin na Baba. Ya ɗaga kai ya dube ni. Sai wani yaro ya wuce da harawa, ya bi shi da kallo haka nan. Ban san me zan ɗauka ba.

Ina tsaye wani dattijo ya zo, Tambari sunansa, manomi ne daga wani ƙauye kusa da gari. Ɗaya daga cikin shanun nomansa ya mutu a tsakiyar damina, yana neman wanda zai haɗa da ɗayan ya ja amalanke in kaka ta yi. Ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda Baba yake yi.

Dillali ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka riga shi. Me ka ce?"

Surukina ya kama hannuna. Na ce, "A sallama masa."

Na sayi dusa kwano ɗaya na ba san ya ci a tafin hannuna. Iyakar abin da na kashe a kansa ke nan. Tambari ya yi mamaki, na ce masa ya yi mini kama da wani ne. Ya ce in na zo Shinkafi in nemi gidansa in gan shi.

Ban ji daɗi ba, kada in yi miki ƙarya. A mota na riƙa jin kamar na sake barin wani abu a baya. Amma da muka sauka, jaka ɗaya na ɗauka, Salma tana barci a kafaɗata, na ji numfashina ya daidaita.

Ki gaya wa Baba yadda kika ga ya dace.

Ƙanenki mai biyayya,
Murtala

*

Zurmi, ranar Talata

Daga Maccido zuwa ga ɗana Murtala, da hannun yayarka.

Assalamu alaikum. An karanta mini duka, ban yarda a tsallake komai ba. Allah ya yi maka albarka.

Ka aika wa Tambarin nan saƙo. Ka ce ya ɗaura shi a gefen dama na karkiya, kuma kada ya sa masa bulala, da murya ake tafiyar da shi. In shi ne, zai gane. In ba shi ba ne, babu san da wannan zai cutar.

Ka gaida iyali.

Wassalam.