Ma'aikatanku Sun Hau Rufina Ba Sanarwa

Zuwa ga Manajan kamfanin intanet marar waya da ya kafa ƙarfensa a Badarawa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne a bainar jama'a domin kukan da na kai ofishinku bai wuce teburin karɓar baƙi ba.

Ni ne mai benen da kuka ɗora ƙarfenku a kansa. Da kuka zo da maganar wadata Kaduna da intanet, babu wanda ya kai ni murna. Tela ne ni, ta waya nake tura wa masu saye hotunan ɗinki, sayen data kuwa ya ishe ni. Ni na bi maƙwabta gida-gida ina lallashi har suka amince. Yau kunyar haɗa ido nake da su.

Na ɗaya. A unguwar nan, ko magini ko mai gyaran kwano, ba ya hawa sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, ya dakata mata su kimtsa. Ma'aikatanku biyu suka zo da hantsi ina shago, suka jingina tsani ta waje suka haye abinsu. Daga can tsakar gidajen maƙwabta a buɗe take, har da ta Malam Iro, malamin allon da muke katanga ɗaya shekara da shekaru. Iyalinsa na cikin wanki, sai ganin ƙato suka yi a sama yana ɗaga waya yana juya ta. Kun ce ƙarfin sabis yake aunawa. Na yarda. Amma a je a yi wa matar da ta ruga ɗaki da kumfa a hannu wannan bayanin.

Na biyu. Da na kai ƙara, wani jami'inku ya yi murmushi ya ce wannan ba ya cikin tsarin aikinku, in cike fom a shafinku. Wallahi abin ya ba ni ƙyama. Ba a yi mako ba aka sake hawa, shiru kamar ɓarayin kaji.

Na uku. Malam Iro bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Sallama kawai yake amsawa ya wuce. Ya sa an ɗaura tampol ya rufe tsakar gidansa, iyalinsa na girki a ƙarƙashi cikin hayaƙi da zafi. Kullum kuna kukan rashin wuta da ɓarayin batir ne ke hana ku yaɗuwa. To ku ƙara da wannan: labarin ya kai unguwannin Malali da Abakpa, kuma masu benen da na sani sun ce ko intanet kyauta za ku ba su, ba sa son ƙarfenku a rufinsu.

Roƙona kaɗan ne. Ka tako da ƙafarka ka ba Malam haƙuri a zaurensa. Ku riƙa sanar da ni kafin ku zo, kuma mai hawa ya buɗe baki ya yi sanarwa. In wannan ya fi ƙarfin kamfaninku, ku zo ku kwance ƙarfenku. Data zan iya komawa in saya a bakin titi, maƙwabci irin Malam Iro kuwa ban san inda zan samo wani ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gane.

Wassalam,
Lawal Tela, Badarawa.